Hawayen Injiniya da Tarin Kafinta

Idan ka taka ƙafar mutum, ka fashe da kuka, ka ce ka tuba, amma ka ƙi ɗaga taka ƙafar daga kan tasa, me za a kira wannan?

Ina yin tambayar ne domin mun iya kuka a gaban bagade, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san hanyar gidan wanda suka zalunta. Ku karanta labarin nan a natse, 'yan'uwa.

Akwai wani injiniyan gine-gine, mutum mai faɗa a ji a wurin aiki, kuma dattijo a ikilisiyarsu. A bakin gini ana kiransa Yallaɓai, a coci ana kiransa Baba Dattijo. Shi ne ke zagayawa da farantin gurasa layi-layi ranar Jibin Ubangiji. Idan ya buɗe baki yana addu'a, tsofaffin mata sukan ce kamar yana ganin Allah ido da ido.

Akwai kuma kafintan da ya daɗe yana yi masa aiki, dogo, siriri, har abokan aiki suka laƙaba masa Ƙusa. Coci ɗaya suke zuwa. Matar kafintan, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, tana cikin mawaƙa.

Duk wanda ya san gini ya san doka ɗaya. Idan aka zuba kankaren bene, wato dekin, ba a taɓa sandunan da ke tokare da shi daga ƙasa sai kankaren ya kama sosai. Ana ba shi ruwa, ana jira. Gaggawa a wannan wuri ba asarar siminti kaɗai take jawowa ba, rai take ci.

A lokacin, injiniya yana da gini biyu a hannu. Mai ɗaya ginin ya hana shi sakat da waya, ga shi sanduna da katakon da yake bukata duk suna ƙarƙashin sabon dekin da aka zuba. Wata safiya ya iso, bai ko fito daga mota ba. Ya sauke gilashi, ya yafito kafinta. Injin kwaɓa siminti yana ta ruri, ba wanda ya ji abin da suka faɗa sai su biyu.

"Ƙusa, a kwance sandunan nan yau. Ina bukatarsu a can."

"Yallaɓai, ai ɗanye ne. Jariri ma ba a sauke shi daga goyo a ce ya yi gudu."

"Kai ne injiniyan ko ni? Ka yi abin da na ce. In ba za ka iya ba, kafintoci sun fi ƙusa yawa a gari."

Kafinta ya tuna bakunan da ke jiransa a gida, ya haɗiye maganarsa. Ya kwance sandunan, ya bar 'yan kaɗan a tsakiya don zuciyarsa ta kwanta. Kamar yadda ya saba, ya fara kai katakon rumfarsa don ya zare tsofaffin ƙusoshi kafin a wuce da shi sabon wuri.

Birkiloli ba su san an taɓa komai a ƙasa ba. Suka ci gaba da jibge bulo a sama. Da rana ta take, wani lebura magidanci ya shiga inuwar ƙarƙashin dekin don ya ci abincinsa.

Ba a fito da shi da rai ba.

Da 'yan sanda suka zo, injiniya ya ga lasisinsa, sunansa da duk abin da ya tara suna shirin bin dekin zuwa ƙasa. Sai bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Ni ban ba da wannan umarni ba. Da ma na sha jin ƙishin-ƙishin cewa yana kwashe katako yana sayarwa."

Aka je rumfar kafinta, aka tarar da katakon a jingine. Shi ke nan. Wa zai saurari mai guduma alhali mai takardar digiri ya yi magana? Saboda an rasa rai, aka kama kafinta, aka hana shi beli. Da shari'a ta zo, injiniya ya ɗaga hannu ya rantse, ya maimaita ƙaryar ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Amma daga ranar salama ta yi ƙaura daga gidansa.

Ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ya zabura. Abinci ya daina wuce masa maƙogwaro. Ya shiga azumi, ya rame, wandonsa ya daina zama a ƙugu. Duk Lahadi shi ne na farko a gaban bagade, yana durƙushe yana kuka har kafaɗunsa na girgiza. Ya rufa ajin yara na coci da sabon kwano, ya sayo sababbin bencina. Jama'a suka riƙa cewa, "Ku dubi bawan Allah! Laifin yaronsa ne, amma shi ke ɗauke da baƙin cikin."

Ya aika wa Maman 'Yan Biyu buhun abinci. Ta sa aka mayar masa da shi har ƙofar gida, ko ɗinkin bakinsa ba a farke ba. Mijinta ya riga ya gaya mata komai ta bayan ƙarfen gidan yari. Ta gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ta, amma ba wanda ya yarda.

Ranar Jibin Ubangiji, injiniya ya zo layinta da faranti. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji.

"Jikin Ubangiji, 'yar'uwa," ya faɗa a hankali.

"Jikin na san shi," in ji ta. "Hannun da ke miƙo shi nake tambaya."

Na kusa da ita suka ji. Kafin a tashi, maganar ta zagaye coci.

Aka kira ta gaban kwamiti. Ma'ajin coci, mutum mai son a ji muryarsa, shi ya fi kowa zafi.

"Ke wace ce da za ki kunyata dattijo a teburin Ubangiji? Mijinki ya yi sata, ya kashe mutum, maimakon ki sunkuyar da kai sai ki ɗaga wuya? Bencin da kike zaune a kai ma wa ya saya?"

"To a ba ni tabarma," in ji ta. "Ni dai na san abin da mijina ya gaya mini."

Aka yanke mata horo. Aka cire ta daga mawaƙa, aka ce ta riƙa zama a bencin baya har sai ta tsaya gaban jama'a ta nemi gafarar Baba Dattijo. Fasto, tsoho mai gudun rigima, ya sa albarka a kan hukuncin. Injiniya yana zaune a wurin, kansa a ƙasa.

Ku lura da kyau. Wanda ya yi ƙarya yana rabon gurasa. Wadda ta faɗi gaskiya ita aka ce ta tuba. Wannan ba a kasuwa aka yi ba, a gidan Allah aka yi, kuma ba wanda ya ga abin ya karkace, domin mai laifin ya iya kuka.

Ana cikin haka kafinta ya kamu da tari a gidan yari. Tun yana yi a tsaye har ya koma yi a kwance, daga baya ya fara tofar da jini. Kotu ta sa ranar yanke hukunci. Lauyansa ya gaya wa matar gaskiya: idan aka same shi da laifi, shekaru masu yawa ne, kuma da irin wannan ƙirji ba lalle ne ya fito da ƙafafunsa ba.

Da la'asar, injiniya yana dawowa gida, ya tarar da ita a bakin get. Tana ganin ya fito daga mota ta zube a kan gwiwoyinta, ta kama bakin wandonsa.

"Baba Dattijo, ban zo faɗa ba. Na gaji. Zan tsaya gaban jama'a in ce ni ce maƙaryaciya, zan wanke maka ƙafa in ka so. Ka je kawai ka ce musu ka manta ne, ka ce kuskure ne. Jiya na je wurin mijina, riƙo shi aka yi aka kawo shi wurin ganawa. 'Yan biyu suna tambayata ko babansu ya yi fushi da su ne."

"Ki tashi, mutane na kallo. Zan aika masa da magani."

"Maganinsa yana cikin bakinka!"

Matar injiniya ta fito da gudu, ta ja mijinta ciki, ta turo get. Ana jin kukan Maman 'Yan Biyu daga waje har ta gaji ta tafi.

A falo injiniya ya zauna a ƙasa kamar wanda aka zare wa laka. A nan ya gaya wa matarsa abin da ya faru. Ta tashi ta rufe tagogi.

"Wa kuma ka gaya wa?"

"Allah kaɗai."

"To ya isa. Ka roƙe shi gafara?"

"Kullum."

"To me kuma kake nema, Baban yara? Ba an ce in mun furta yana gafartawa ba? Ka furta, ya ji, an wuce wurin. Allah ba ɗan sanda ba ne da zai ce sai ka rubuta bayani. Ka dubi yaranmu. Babbarmu tana shekarar ƙarshe a makaranta. Ka fi so a riƙa nuna ta ana cewa ga 'yar wanda ya kashe lebura? Leburan ya riga ya tafi, maganarka ba za ta dawo da shi ba."

"Ƙusa bai tafi ba tukuna."

"To ni fa? Ni na kwance sandunan da za a rushe mini gida a kai?"

Ba muguwar mace ba ce. Tsoro ne ke magana da bakinta, kuma tsoro ma ya iya jawo Maganar Allah idan yana neman mafaka.

Washegari injiniya ya nufi ofishin Fasto, wani ƙaramin ɗaki a bayan coci mai fanka mai ƙara da tulin kujerun roba a lungu. Ya zauna yana murza hannu.

"Baba Fasto, idan wani mutum ya yi zunubi, ya furta wa Allah a ɓoye, an gafarta masa ko ba a gafarta ba?"

"Ni ban iya yi wa wani mutum addu'a ba. Ka ba shi suna."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ni ne. Ni na ce a kwance sandunan. Ƙusa ya hana ni, na ƙi ji. Bai saci ko ƙusa ɗaya ba."

Fasto ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Na yi azumi, Baba. Na yi kuka har idona ya kusa tsiyayewa. Na rufa aji, na sayi bencina. Me ya sa har yanzu nake ji kamar dekin nan a ƙirjina ya faɗi? Ko Allah ya yashe ni ne?"

"Da kake kukan, wa kake yi wa? Leburan, ko Ƙusa, ko kanka?"

Injiniya ya ce, "Zan ɗauki nauyin karatun 'yan biyun har su gama. Zan gina wa matar leburan gida. Zan ninka abin da nake bayarwa."

"Ka yi, haƙƙinsu ne. Amma ka ji kanka kuwa? Ciniki kake yi. Ceto ba kwangila ba ne da za ka ce a rage maka nan ka ƙara a can. Yesu Almasihu ya riga ya biya da jininsa, ba ya jiran ciko daga hawayenka ko daga aljihunka. Gafararsa kyauta ce, ko yanzu tana nan a buɗe. Amma ba a karɓar kyauta da hannun da ke shaƙe da wuyan wani."

"Ai na yi nadama."

"Nadama daban, tuba daban. Ka taɓa ganin direban da ya ɓace hanya, yana kuka yana cewa ya yi kuskure, ƙafarsa kuma na kan totur? Kukansa ba zai kai shi gida ba, sai ya juya kan motar. Kai kana ganin zunubinka ya tsaya a ranar da dekin ya faɗi. Bai tsaya ba. Duk safiyar da gandiroba ya ƙirga Ƙusa cikin fursunoni kai kana shiru, ka sake yin ƙaryar nan sabuwa fil. Ta yaya za ka nemi gafarar abin da ka shirya sake yi gobe?"

"Za su ɗaure ni, Baba."

"Mai yiwuwa ne."

"Idan na faɗi gaskiya, Allah ba zai kare ni ba?"

"Ba zan yi maka alkawarin da bai yi ba. Bai ce zai ɓoye ka daga alƙali ba. Ya ce ba zai yashe ka ba, ko a ina aka kai ka."

Injiniya ya zamo daga kujera, ya kama gwiwar tsohon. "To kai ka je ka faɗa. Ni ba zan iya ba. Bakina ba zai buɗu ba."

"In na je, za a ce ji na yi, ban gani ba. Ka musa, magana ta mutu, a ce tsufa ya fara taɓa ni. Ba a ci wa mutum abinci ya ƙoshi, ɗana, haka ba a yi wa mutum tuba. Amma ni ma ina da nawa kason a cikin wannan zalunci, kuma shi zan gyara."

Ya yi masa addu'a. Injiniya ya fita kamar yadda ya shigo, da kayansa a ƙirji.

Ranar Lahadi, ana tsammanin Fasto zai fara wa'azi, sai aka ga ya sauko daga mumbari. Ya bi tsakiyar coci a hankali, yana jan ƙafarsa mai ciwo, har bencin baya. A gaban Maman 'Yan Biyu ya durƙusa.

"'Yata, na hukunta ki ban saurare ki ba. Na dubi girman wanda kike ƙara, ban dubi ƙarar ba. Na yi miki zalunci, na yi wa Ubangiji zunubi. Na janye horon. Ki yafe mini."

Ma'aji ya ja tsaki. "Wannan ai zubar da girman ikilisiya ne."

Matar ta kama hannun tsohon tana ƙoƙarin ɗaga shi, hawaye na zuba. "Baba, ka tashi, gwiwarka ba lafiya. Na yafe. Amma ni ba benci ne damuwata ba. Ko a waje aka ce in zauna zan zauna. Mijina nake so kafin a kawo mini shi a naɗe."

Fasto bai ambaci sunan kowa ba, bai ko dubi inda dattawa ke zaune ba. Amma injiniya ya gani. Ya ga tsoho ya ajiye girmansa a ƙasa a gaban jama'a, ya ga ya miƙe kuma bai mutu ba. A ranar bai fita gaban bagade ya yi kuka ba. Ya zauna kawai, yana kallon tafin hannunsa.

Da safe ya yi wanka ya sa kaya. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a damƙe a hannunta.

"Ina za ka?"

"Wurin lauyan Ƙusa."

"Ba da motar nan ba. Baban yara, ka dube ni. Shekara nawa muna tare, ban taɓa roƙonka abu da gwiwa ba. Ka bari a yanke hukuncin, daga baya mu nemi hanyar fito da shi. Akwai afuwa, akwai ɗaukaka ƙara."

"Daga baya gawa za mu fito da ita. Na kashe mutum ɗaya da gaggawa, ba zan kashe na biyu da jinkiri ba."

"Mu kuma ka kashe mu da gaskiya?"

"Ban sani ba, Maman yara. Ina tsoro fiye da ke. Amma mijin da kike ƙoƙarin riƙewa ya daɗe da ruɓewa a ciki. Ki bar ni in je ko Allah zai dawo miki da wani."

Ba ta ba shi makullin ba. Ya fita da ƙafa, ya tsaya a bakin titi cikin masu jiran motar haya. A ƙofar ofishin lauyan ya wuce ya dawo, ya sake wucewa, gumi ya jiƙa masa riga. Ƙafafunsa suna ce masa ya koma gida. Ya jingina da bango ya ce, "Yesu, ba ni da ƙarfin hawa matakalar nan. In ba ka kama ni ba, zan gudu." Sannan ya hau.

Lauyan ya nemi kotu ta sake kiran shaidar kafin a yanke hukunci, kotu ta amince. Aka shigo da kafinta gandirobobi na riƙe da shi. Ƙusa na da ya zama kamar allura. Matar leburan tana zaune da goyonta. A can lungu, kusa da ƙofa, matar injiniya ta shigo ta zauna, ta rufe rabin fuskarta da gyale.

Injiniya ya tsaya. Wannan karon muryarsa ta yi rawa.

"Ya mai shari'a, rantsuwar da na yi a nan ƙarya ce. Ni na ba da umarni a kwance sandunan. Wannan mutum ya gargaɗe ni, na yi masa barazanar kora. Katakon da aka gani a rumfarsa nawa ne, aikina yake yi. Ba wanda ya tilasta ni zuwa nan. Jinin leburan yana kaina."

Matar leburan ta kurma ihu har sai da aka fita da ita. Alƙali ya tambaye shi ko ya san abin da wannan magana za ta jawo masa. Ya ce ya sani.

Aka wanke kafinta daga zargin sata. Game da bin umarnin da ya san haɗari ne, alƙali ya ce zaman da ya riga ya yi ya wadatar, a sake shi. Injiniya kuwa aka ba da umarnin a tsare shi, ya fuskanci shari'ar rantsuwar ƙarya da sakacin da ya ci rai. Lasisinsa ya tafi, kujerarsa ta dattijo ta tafi. Waɗanda suka saba cin abinci a teburinsa ba ko ɗaya da ya ɗaga masa hannu.

Sai an koma gidan yari ake kammala sallamar fursuna, saboda haka mota ɗaya ta ɗauke su su biyun. Suna zaune suna fuskantar juna a cikin duhun motar, gwiwa na gugar gwiwa.

"Ƙusa," in ji injiniya, "ka yafe mini."

Kafinta ya yi tari mai tsawo, ya goge bakinsa da gefen riga.

"Yallaɓai, kada ka sa ni in yi ƙarya a ranar da kai ka daina. Zuciyata ba ta kai can ba tukuna. Ina roƙon Allah ya kai ta."

"Ba komai. Ban cancanta ba."

"Wa ya cancanta? Ni ma hannuna ne ya kwance sandunan, ina sane. Na daɗe ina wannan maganar da Ubangiji a ciki."

A haka suka isa gidan yari.

A farfajiyar shiga, injiniya yana tsugune a layin sababbin zuwa, an karɓe masa takalmi da agogo. Kafinta ya fito daga ciki da ɗan ƙunshin kayansa, gandiroba na gaba. Ana hango Maman 'Yan Biyu ta cikin ƙarfen babbar ƙofa, tana ɗaga hannu tana kiransa. Ya yi taku kaɗan, sai ya tsaya. Ya dawo, ya kwance ƙunshin, ya zaro wani kwano da ya lotse a gefe.

"Riƙe wannan. Ba a ba sabon shiga kwano, a hannu za a zuba maka. Ka wanke shi da ruwan zafi saboda tarin nan, kada ka ce na rama."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu.

"In an kai ka ɗaki, kada ka yarda da gefen bokitin bahaya. Ka ce Ƙusa ya bar maka wurinsa kusa da taga. Ranar Lahadi kuma ana taruwa don sujada a bayan kicin. Ba su san kai dattijo ne ba, kada ka gaya musu. Ka je a mai zunubi kamar kowa, za su matsa su ba ka wuri."

Ya juya ya tafi wurin matarsa, yana tafiya yana hutawa. Aka buɗe ƙofar, aka rufe.

Injiniya ya zauna a ƙasa da lotsattsen kwano a cinyarsa. Bai san shekara nawa za a ba shi ba, bai san ko matarsa za ta jira shi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, ga ni. Ba ni da abin da zan ba ka." Ya ja numfashi, ya ji ya sauka har ƙasan ƙirjinsa ba abin da ya tare shi.

Darasi: Tuba ba hawaye ba ce, ba azumi ba ce, ba kuma kyautar da ake toshe bakin lamiri da ita ba ce. Tuba ita ce ka kira zunubinka da sunansa, ka daina shi, ka juyo ga Almasihu hannu wofi, sannan ka je ka kwance wanda zunubinka ya ɗaure, ko da hakan zai ci maka suna da matsayi. Ba gyaran da ka yi ne ke saya maka ceto ba, domin Yesu ya riga ya biya. Amma wanda ya karɓi gafarar nan da gaske ba ya iya barin wani yana shan wuya a madadinsa. Ikilisiyar da ke lallashin azzalumi tana horon wanda aka zalunta, ita ma tana bukatar tuba. Idan akwai wanda ke ɗauke da laifinka a yau, ko a wurin aiki, ko a gida, ko a bakin mutane, ka ajiye wayar nan ka je ka same shi tun yana da rai. Kafin ka tashi, ka tura labarin ga wani, har da shugabannin cocinku.